Harajin da ba ya fitowa a takardar albashi

Shekarata ta farko ina koyar da lissafi a wata makarantar gwamnati a unguwar Bronx ta birnin New York, da wuya in kai ƙarshen darasi ba a ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Ko dai wani yaro ya tayar da ƙayar baya a ajin da ke kusa, ko kuma wata uwa 'yar Ghana ko 'yar Nijar ta zo ofis, Turanci bai zauna mata ba, a ce in sauko in yi tafinta da Hausa. Ni kuwa daɗi nake ji, a ganina yarda ce aka yi da ni.

A jihar New York, ƙa'ida ce a haɗa sabon malami da tsohon hannu a shekararsa ta farko. Ni wata dattijuwa Baƙar Amurka aka ba ni, tana dab da ritaya. Sau uku ta shigo ajina ta zauna can baya da ɗan littafinta, ba ta ce uffan ba. Ranar Alhamis bayan an tashi ta buɗe mini shafin. Layi-layi ne ta ja, kowane layi fitata ɗaya daga aji. Na ƙirga bakwai.

Ta ce, "Ɗana, in kana can kana sulhu, wa ke koya wa yaranka lissafi? Ranar da za a zo auna aikinka, darasinka za a duba, ba wanda zai tambayi faɗa nawa ka raba."

Daga baya na gano abin ma yana da suna. John King, sakataren ilimin Amurka a 2016, ya kira shi harajin ɓoye, wato ƙarin aikin ladabtarwa da rarrashi da ake jibga wa malamai baƙar fata, musamman maza, ba ƙarin kuɗi ba ƙarin girma. Kusan kashi 80 cikin 100 na malaman makarantun gwamnatin ƙasar farare ne, alhali fiye da rabin ɗaliban ba farare ba ne. Maza baƙar fata kuwa wajen kashi 2 ne kacal. In kai kaɗai ne a hawa guda, kai za a riƙa kira.

Wata rana gajiya ta sa na ce yaran nan ba su da tarbiyya, a gida da tuni sun shiga taitayinsu. Malama ta yi shiru, sannan ta ba ni labarin mahaifiyarta, wadda ta koyar a makarantar baƙar fata a kudancin ƙasar. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, an rufe makarantun baƙaƙe da dama, aka kwashi yaran zuwa na farare, malamansu kuma aka bar su a rana. Ana ƙiyasta malamai da shugabannin makarantu 38,000 ne suka rasa aiki a shekaru goma da suka biyo baya. Mahaifiyarta na cikinsu. Kunya ta kama ni. Launinmu ɗaya da yaran, amma tarihin da suka tashi a ciki ban san shi ba, kuma da ba ta zaunar da ni ba, da na ci gaba da yi musu kallon da wasu ke yi musu.

Ba ta tsaya ga nasiha ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Da ƙafarta ta raka ni wurin shugaban makaranta, aka yi yarjejeniya ba mai fitar da ni daga aji lokacin darasi, tafinta kuma sai bayan an tashi. Ta duba kwasa-kwasan da ake tura ni, duk na shawo kan yara masu ƙiriniya ne. Ita ta sa sunana a horon koyar da aljabra, inda na haɗu da waɗanda daga baya suka ba ni jagorancin sashe.

Kasancewarmu a aji tana da tasiri, ba shakka. Binciken Seth Gershenson da abokan aikinsa na 2017 a jihar North Carolina ya nuna yaro namiji baƙar fata ɗan talakawa da ya sami malami baƙi ko ɗaya tsakanin aji uku zuwa biyar na firamare, yiwuwar ya bar makaranta na raguwa da kashi 39. Tun a 2015 birnin New York ya ƙaddamar da shirin NYC Men Teach don ɗaukar maza 1,000 waɗanda ba farare ba aikin koyarwa. Amma ɗauka daban, riƙewa daban. Na ga abokan aiki biyu sun ajiye alli kafin shekara uku, ba don sun kasa ba.

Bana an ba ni wani saurayi ɗan asalin Jamhuriyar Dominika. Makon jiya na zauna a bayan ajinsa da littafina, na ja layi huɗu. Da na nuna masa sai ya yi murmushi, ya ce ai suna ji da shi ne. Na ce masa ya fito da wuri ranar Alhamis, za mu je wurin shugaba tare.