Ina Amfanin Babban Taron Jam'iyya a Zaɓen Shugaban Amurka?

A duk shekarar zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, jam'iyyun Democrat da Republican kan shirya babban taro domin tsayar da ɗan takara, amma a yau kusan kowa ya san wanda za a tsayar tun kafin wakilai su hallara. Da can ba haka lamarin yake ba. A taron Democrat na 1924 a birnin New York, sai da aka kaɗa ƙuri'a har sau 103 kafin John W. Davis ya samu takara, domin a wancan zamani jiga-jigan jam'iyya ne ke cinikin goyon baya a bayan fage.

Rikicin da aka yi a taron Democrat na Chicago a 1968 ne ya sauya tsarin. Hubert Humphrey ya zama ɗan takara ba tare da ya tsaya zaɓen fidda gwani ko ɗaya ba, alhali masu adawa da yaƙin Vietnam na ta arangama da 'yan sanda a kan tituna. Bayan haka aka gyara dokokin jam'iyya, iko ya koma hannun masu zaɓe a jihohi, wakilai kuma suka zama masu isar da zaɓin jama'a.

Duk da haka, ban yarda cewa taron ya zama shagali zalla ba. A wurinsa ake amincewa da manufofin jam'iyya da ɗan takarar mataimaki, kuma jawabin da Barack Obama ya yi a taron Democrat na Boston a 2004 ne ya fito da sunansa. Da Joe Biden ya janye a Yulin 2024, wakilan taron ne suka zaɓi Kamala Harris ta intanet kafin a taru a Chicago.