Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar Da Aka Ce In Ajiye Ƙwallo

Makon jiya na tsaya a inda na zube a fili bayan na yi tsalle na kaɗe ƙwallo ta saman raga. Shekaruna 15, ni ne gola a ƙungiyar unguwarmu.

Ciwon ya fi wata biyu yana cina a ƙasan baya, ta dama, daidai inda mazagi ke zama. Ruku'u da sujada ba sa damu na, shi ya sa ba a gane ba a gida. Amma da na banƙare, sai in ji kamar an soka min tsinke. Inna ta yi ta gasa min da ruwan zafi. Har wajen maɗori aka kai ni, ya lalube ya ce babu karaya babu targaɗe. Ban ga laifinsa ba, wurin ya yi wa hannu nisa.

Baba ya ɗauke ni zuwa asibitin ƙashi na Dala. Likita ya ce in tsaya da ƙafa ɗaya in karkata baya. Sai ga ni na cafke gefen gado. Hoton farko bai nuna komai ba, sai da aka yi MRI, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla.

"Alhaji, tsagewa ce," in ji shi, yana nuna hoton da biro. Ya ce ƙasusuwa biyar ne a jere a ƙasan gadon baya, kuma na biyar ɗin ya fi samun wannan matsala, a wani siririn wuri ta bayansa. Yawan banƙarewa da murɗa ƙugu ne ke cin wurin a hankali, tun ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba. Ya lissafo 'yan kokawa, masu alkafura, masu ɗaga ƙarfe, da masu jifa a wasan kurket. Daga baya na karanta labarin Pat Cummins, mai jifa a wasan kurket ɗan Ostareliya, wanda ya buga babban wasansa na farko a 2011 yana ɗan shekara 18, raunuka irin wannan suka hana shi na biyu sai 2017.

"In aka ci gaba da wasa, ƙashin na iya gocewa gaba. Wata uku babu fili, sannan gashin ƙashi."

Gasar unguwanni saura kwana tara. Na kalli Baba ko zai roƙa min.

"Ka ji abin da likita ya ce," kawai ya faɗa.

Da muka koma gida, Inna ta ɗauke safar hannuna daga kan igiya ta kulle a akwatinta.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.