Kwana 40 ba tsuntsun da ya bugi tagar falo

Yau da safe na zagaya gindin babbar tagar falo kamar yadda na saba. Na duba ƙasa, na duba gilashin, babu gashi, babu tabo, babu gawa. Na buɗe ɗan littafina na ja layi na 40. Wanda bai san inda aka fito ba zai ce me ye abin murna a nan, amma ku da muke wannan harka tare kun san ciwon tsintar kurciya a ƙasa, kai a lanƙwashe, a gidan da ka ɓata lokacinka kana gyarawa domin tsuntsaye.

Kuma ni na jawo. Ni na kafa wa tsuntsaye kaskon wanka, ni na bar shuke-shuken jikin katanga suka yi duhu, na daina fesa maganin ƙwari, na hana kyanwata fita da sassafe. Tsuntsaye suka amsa gayyata, gwara da kurciya da wasu ƙanana da ban taɓa gani a gidan ba, sai gilashi ya shiga karɓar nasa kason. A watan farko na rubuta bugu 9, gawa 4. Waɗanda na gani da idona ke nan, ban da abin da kyanwar maƙwabta take ɗaukewa kafin in fito.

Wadda ta tsaya mini a rai wata kurciya ce. Ina zaune na ji gum! kamar an jefi tagar da ƙwallo. Kun san kurciya da tattabara suna da wata farar hoda a gashinsu mai kama da gari. To, gilashin ya riƙe siffarta tsaf: fukafukai a buɗe, ƙirji, har da zagayen kai. Ita kuwa tana ƙasa ido a buɗe, zuciyarta na bugawa a tafin hannuna kamar za ta fasa ƙirjin. Na sa ta a kwali mai ƙofofin iska, na ajiye a wuri mai duhu, ban ba ta ruwa ko abinci ba, kamar yadda ake yi. Kafin awa biyu ta mutu. Yawancinsu jini ne ke taruwa a cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ko wanda ya farfaɗo ya tashi ba na ƙirga shi a cikin waɗanda suka tsira. Kwana uku ban iya goge hodar nan ba.

Da na tsara aikin mataki uku ne, sitika, labule, sai gyaran wurin kasko. Bai tafi a haka ba, komai ya cakuɗe.

Na fara da baƙar sitikar nan mai siffar shaho. Na manna guda uku daga ciki, na koma gefe ina jin na gama. Kwana biyu tsakani wani gwara ya buga, tazarar taki ɗaya daga fukafukin shahon. Tsuntsu ba wawa ba ne, shahon da ba ya motsi ba shaho ba ne a wurinsa, wani abu ne kawai da zai kauce wa ya wuce ta gefe. Daga nan na faɗa tarkon da ya fi ci mini rai: sitika mai tsada da aka ce tana ƙyalli da hasken da tsuntsu ke gani amma mutum ba ya gani. Gaskiya ne tsuntsaye da yawa suna ganin wannan haske, amma ba duka ba, kuma da sassafe hasken ba shi da ƙarfi, alhali a lokacin ne aka fi yin karon. Kuɗin da na zuba a kanta ya ninka na duk sauran kayan aikin a haɗe, ga jiran a kawo, kuma 'yan guda da ke cikin fakitin ko rabin tagar ba su rufe ba. Har yanzu in na tuna sai na ja tsaki.

Labule ma na gwada. Ya yi amfani a ƙaramar tagar da ke kallon wata tagar ta ɗaya ɓangaren, domin can tsuntsu hango fili yake yi ta cikin ɗaki, ya ɗauka hanya ce. A babbar taga kuwa ko gezau.

Abin da ya buɗe mini ido ba komai ba ne illa tsugunawa. Wata safiya wajen ƙarfe 7 na je na durƙusa a bakin kaskon, na sa kaina daidai inda kan tsuntsu yake in yana shan ruwa, na ɗaga ido. Wallahi babu taga a wurin. Bishiyar da ke bayana ce tsaye a ciki, ga rassa, ga sararin sama, har da gajimare yana tafiya. Sitikun da na manna daga ciki ko alamarsu ban gani ba, hoton ya binne su, labulen ma haka. Ashe wata biyu ina yi wa ɗakina ado ne. Hoton a fuskar gilashin ta waje yake, saboda haka duk abin da zai karya shi dole a waje zai zauna. Duk wanda yake fama da taga, kafin ya sayi komai ya je ya tsuguna, kuma ya maimaita a lokuta dabam-dabam, domin tagar da take madubi da safe tana iya zama ba komai da yamma.

Sai maganar tazara, wadda a kanta na fi shan wahala. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi, wadda ta samo asali daga gwaje-gwajen Daniel Klem, masanin tsuntsaye a Amurka da yake kan wannan bincike tun shekarun 1970, ita ce: layukan da ake sa wa gilashi, na kwance kada tazararsu ta wuce santimita 5, na tsaye kada ta wuce santimita 10. Dalilin a fili yake, tsuntsu yana tafe ne fukafukai a buɗe, yana auna ko giɓin zai ɗauke shi. In ya ga zai shige, zai gwada. Yanzu ma an fi ba da shawarar 5 da 5 ta kowane gefe saboda ƙananan tsuntsaye.

Na san wannan sarai, amma rowa da son ganin waje suka sa na yi wayo. Na sayi igiya mai kaurin kusan milimita 3, na huda wani siririn katako, na rataye ta daga saman tagar ta waje, tazarar santimita 15. Na ce ai bambancin kaɗan ne. Mako ɗaya lafiya lau, har na fara cika baki a gida. Ranar ta takwas wani ɗan ƙaramin tsuntsu ya bi ta tsakanin igiya biyu ya buga, ya faɗi, bai ko shura ba. Ranar ban yi magana da kowa ba sai dare. Washegari na hau tsani na sauke katakon, na sake hudawa a kan santimita 10, igiyar ta ƙare a rabi, na sake sayowa, ba a samu launi ɗaya ba. Yanzu rabin tagar toka-toka, rabi ruwan ƙasa. Tsuntsaye dai ba su yi ƙorafi ba.

Gilashin ƙasa, wanda ya fi kusa da kaskon, ɗigo na yi masa. Na fara da sabulu, ruwan sama na farko ya wanke shi tas. Na koma tef, rana ta ɗaga shi ya bar mini danƙo da na kwana biyu ina kankarewa da reza. A ƙarshe farar makar fenti, wato alƙalamin fenti, ce ta zauna. Na yanka kwali na huda masa ramuka a kan santimita 5, kowane rami faɗinsa kusan milimita 6, ina ɗorawa ina ɗigawa ina matsawa gaba. Ɗigo ya haura 500, wuyana ya sage, amma da na koma na tsuguna a bakin kaskon sai na ga bishiyar nan ta cikin gilashi ta zama kamar an yafa mata raga. Daga ciki kuwa, bayan kwana biyu ido ya saba, ba ka ma lura.

Kaskon kansa na matso da shi, yanzu bai kai mita 1 daga tagar ba. Da yana wajen mita 4, wato daidai tazarar da tsuntsu in ya firgita zai samu gudun da zai kashe kansa. Ko dai a manne da taga, ko can nesa fiye da mita 10. Ni ba ni da filin na biyu.

Wani ya ce mini wannan ai matsalar dogayen benaye ce, ba ta gida irin nawa ba. Ba haka ba ne. Binciken da Scott Loss da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai tsuntsaye miliyan 365 zuwa miliyan 988 ne ke mutuwa duk shekara ta hanyar karo da gine-gine, kuma kason dogayen benaye bai kai 1 cikin 100 ba. Sauran duk gidajen zama ne da gajerun gine-gine. Manyan su suka fi shiga labarai, kamar ginin McCormick Place na Chicago, inda a farkon Oktoban 2023 aka tsinci gawar tsuntsaye masu ƙaura kusan 1,000 a rana guda. Kuma me suka yi daga baya? Ɗigo suka manna wa gilashin, irin dai nawa, sai dai nasu ba da kwali da makar fenti ba. Wannan kam ya sa na ji kaina ya ɗan kumbura.

Kada a haɗa wannan da namijin tsuntsun nan da ke zuwa lokacin sheƙa yana saran gilashi ko madubin mota da baki. Shi faɗa yake da hotonsa, ya ɗauka wani namiji ne ya shigo masa yanki. Yana gajiya, yana ɓata wuri da kashi, amma ba kasafai yake mutuwa ba. Rufe wurin da takarda na 'yan makonni ya wadatar.

Abin da ya rage mini iska ce. Na bar ƙasan igiyoyin a sake don motsinsu yana ƙara sa a gan su, amma in iska ta taso sai su sarƙe, uku su haɗu wuri ɗaya, a samu giɓin da ya kai taki biyu. Sau biyu a makon nan ina fita da asuba ina warwarewa kafin tsuntsaye su sauko. Na gwada ɗaura ƙananan noti a ƙasa, suka dinga ƙwanƙwasa gilashin cikin dare har mutanen gida suka ce ko noti ko su. Na cire. Ranar Asabar zan ja igiya ɗaya a kwance daga wannan gefe zuwa wancan, in ɗaure kowace ta tsaye a jikinta da ɗan sassauci, sannan in koma kan ƙofar gilashin baya, wadda jiya na tsuguna na ga katanga da rabin sama kwance a cikinta.