Aikatau na "plan" da inda ake tuntuɓe

Ɗalibai masu shirin WAEC, ku kula da aikatau ɗin nan, plan. Ma'anarsa tsara abu tun lokacinsa bai zo ba.

A rubutu aka fi tuntuɓe. Harafin n biyu ne a planned da planning, saboda wasalin gajere ne. In ka rubuta planed, ka koma maganar kafinta mai goge katako.

Sai abin da ke biyo bayansa: plan to travel daidai ne, plan on travelling ma daidai ne, amma plan to travelling jan biro zai sha. Plan for kuwa tanadi ne, kamar gyaran rufi da magudanar ruwa kafin damina ta sauka.