Jarka biyu a jikina

Yau da hantsi na raka ƙanwata asibiti a nan Birni, ɗanta na goye ya kwana yana zawo. Malamar asibitin ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare kamar tsohon zane, ba ta koma da wuri ba. Ta shafa maɗigarsa, ta ce: "Maman yaro, kin ga ta faɗa? Ruwan jikinsa ne ya ragu." Nan take aka fara ba shi ruwan gishiri da sukari, cokali-cokali.

Ni kuwa da shegiyar tambaya, na ce ruwa nawa ne a jikin mutum? Ta ce babba mai kilo 70 yana ɗauke da wajen lita 42. Kashi biyu cikin uku na cikin ƙwayoyin halitta, wato ƴan ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka gina jiki, sauran yana tsakaninsu, ruwan da ke cikin jini kuma lita 3 kacal. Jariri ya fi mu yawan ruwa, kusan kashi 75 cikin 100 na nauyinsa, kuma ya fi saurin rasa shi. Lita 42 fa! Sama da jarka biyu ke nan irin ta ƴan ga-ruwa. Mu da muka tashi a Damagaram muna layin famfo tun asuba, ban taɓa lissafa wanda nake yawo da shi a jikina ba.