Hoto ya fito lafiya lau, amma yaron bai dawo daidai ba

Yau wata uku ke nan da kabu-kabu ya kada ƙanena wajen shataletalen Gawon Nama nan Sakkwato, kansa ya bugi kwalta, kuma babu hular kwano kamar dai yadda duk munka saba yawo cikin garin ga. Ko suma bai yi ba, tashi ya yi ya kakkaɓe riga yana cewa ba komai. Da dare ne ya yi amai har sau biyu, munka ɗauke shi sai asibiti, anka yi mai hoton CT, likita ya duba ya ce babu jini cikin kai, ƙashi bai tsage ba. Munka yi hamdala munka dawo gida.

To amma har yanzu yaron ga ba shi ne ba wallahi. In rana ta take ba ya iya leƙa tsakar gida sai ya kare ido da hannu, waya minti biyar ya kalla kai ya ɗau sara, Inna ta aike shi sayen kuka da daddawa ya tsaya bakin zaure ya manta mi anka ce ya sayo. Ga saurin fushi, mutumin da a da ko tsawa ba ya yi ma yara. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar mutane, wani ya ce lalaci ne tunda hoto bai nuna komai ba, wata gwaggonmu ta ce iska ce a nemo rubutu.

Jama'a, CT jini yake nema da karaya da kumburi, kuma nan ya iya aikinsa ƙwarai, shi ya sa ake fara yin shi. Ita girgizar ƙwaƙwalwa, irin wadda ta samu ƙanena da kansa ya bugu, ɓarnarta ta fi haka ƙanƙanta, siraran zaruruwan da ke kai saƙo ne ke miƙewa lokacin da ƙwaƙwalwa ta jijjiga cikin ƙoƙon kai, sinadaran cikin ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa su hargitse, ƙarfin da suke buƙata don gyara kansu ya yi ƙaranci. Ko hoton MRI na yau da kullum, wanda ake ɗauka da maganaɗisu, sau da yawa fes yake fitowa. Akwai wani salon MRI da ake kira DTI, shi yana bin yadda ruwa ke tafiya cikin zaruruwan nan, inda sunka taɓu tafiyar ruwan takan canza. Masu bincike suna ganin bambanci in sun gwada gungun waɗanda sunka bugu da gungun masu lafiya, amma bai kai a ɗauki hoton mutum guda a yanke hukunci da shi ba tukuna. A 2018 Amurka ta amince da gwajin jini mai auna furotin biyu, GFAP da UCH-L1, shi ma taimakonsa a gane wa ke buƙatar CT ne.

Don haka har gobe likita da bakin majiyyaci yake aiki, ya tambaya, ya gwada tunani da tafiya da motsin ido. Yawancin mutane suna warwarewa cikin mako biyu zuwa huɗu, wasu kuma abin ya ja watanni irin na ƙanena. An ce mai hutun kwana ɗaya ko biyu ya isa, daga nan a koma harka a hankali, kwanciya cikin ɗaki mai duhu mako da mako ba ta taimakawa, kuma kar ya yarda a sake buge kan kafin ya warke. Ina tuna 'yan dambenmu da ake shimfiɗewa a yayyafa masu ruwa su koma fili.

Jiya bayan magariba na raka shi mun taka har bakin titi, ya ce min Yaya, da ƙafa ce ta karye da kowa ya yarda da ni. Ranar Litinin za mu koma wurin likita, na ce mai ya riƙa rubuta ranakun da ciwon kan ke tashi cikin littafi mu tafi da shi.