Yadda na sa jinjirin wata ya hau sama a Photoshop

Saura kwana uku ƙaramar Sallah, wata mai ɗinki da ke kusa da shagona ta ce tana son hoton gaisuwa mai motsi da za ta tura wa masu kawo mata ɗinki. Ni aikina katin biki ne da kalanda, ban taɓa yin hoton da ya motsa ba. Duk da haka na ce, "Hajiya, an gama."

Na buɗe Photoshop, na ware wa sararin sama leyarsa, wato shimfiɗarsa ta daban a cikin hoton, jinjirin wata tasa, rubutun Barka da Sallah tasa. A tagar Timeline na zaɓi motsi na firem-firem, wato hotuna a jere da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya. A firem na farko wata yana can ƙasa, rubutu kuma na dusashe shi gaba ɗaya. Na kwafi firem ɗin, na ja watan sama, na fito da rubutun. Da na danna Tween na nemi firem 10 a tsakani, kafin ƙiftawar ido sun jeru 12. Aikin da masu zanen katun na da suke ba yaransu ke nan, su cike tsakanin zane biyu da hannu.

Daɗi ya ɗebe ni, na ce bari watan ya riƙa girma yana hawa. Ina ƙara masa girma a firem na ƙarshe, sai ya kumbura a dukkansu. Ashe abu uku kawai Tween ya sani: wurin da leya take, dusashewarta, da adon da aka yi mata kamar inuwa ko ƙyalli. Girma da juyawa ba ruwansa. Dole na kwafi watan sau biyar, kowane ya ɗara na baya kaɗan, na bi firem ɗaya bayan ɗaya ina kunna wannan ina kashe wancan. Nan dare ya yi mini.

Tafiyar ma ba rai, gudu ɗaya tun daga ƙasa har sama, kamar ana jan guga daga rijiya. Sai na bar firem na farko-farko a daƙiƙa 0.1, na kusa da ƙarshe 0.2, na ƙarshen kuwa daƙiƙa 2 don a samu karanta rubutun.

Wajen adanawa, GIF, wato nau'in fayil ɗin hoto mai motsi, ya nuna mini halinsa: launi 256 kaɗai yake ɗauka, shuɗin saman da na yi mai sirkin duhu da haske ya koma zane-zane kamar atamfa. Na mayar da shi shuɗi guda.

Da safe Hajiya ta kalla sau uku, ta ce, "Malam, ina lambar wayata?"